Yadda Kuluwa Ta Bi Sawun Ambaliyar Garande

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya ba kogi hanya ya ba gajimare iska, nake buɗe bakina. Wanda ya zo da kunne ya zauna, wanda ya zo da gardama ya jira in kai aya. Ni ce Kuluwa, 'yar masunta, matar marigayi Nomau. Da can kunya ba ta barina in ambaci sunan maigidana, amma tun ranar da aka kashe shi na daina ɓoyewa, don kada sunan ya ɓace tare da gawar.

Garinmu Tashar Kwalo yana bakin Kogin Garande, a tsakiyar wani kurmi da ake tafiyar wata shida a cikinsa ba a ga rana sosai ba. Garande kogi ne wanda in ka tsaya a wannan gaɓa ba ka hango waccan. Kowace shekara yana cika yana sauka, mun san takunsa kamar yadda uwa ta san tarin ɗanta. Nomau ya fi kowa sani. Akwai wani tsohon rimi a bakin ruwa, kullum da safe yakan je ya yi masa tsaga da wuƙa daidai inda ruwa ya kai. Babu wanda ya sa shi. Haka ya tarar mahaifinsa na yi.

Wata shekara ya dawo gida ya ƙi karyawa. Ya ce, "Kuluwa, ruwan bana ba irin na kullum ba ne. A kwana goma ya cinye tsagar da yakan ci a wata guda." Na ce ya je ya faɗa wa Sarkin Ruwa.

Sarkin Ruwa a lokacin Mazadu ne, dogon mutum mai murya kamar ganga, wanda yake cewa kogi na yi masa magana. Shi ya sa mutane suka sauko da rumbunansu daga tudu zuwa kusa da gidansa, wai ya ɗaure Garande, ba zai ƙara wuce dutsen wanki ba. Da Nomau ya kai masa labari sai ya yi dariya ya ce, "Kai da wuƙarka kun fi ni sanin kogina? Koma ka gyara komarka."

Kwana ashirin bayan haka ruwa ya shigo gari da hantsi, mata na daka. Ya kwashe rumbuna, ya kwashe bukkoki, ya tafi da mutum ɗari da goma sha huɗu. Wata uku bai sauka ba. Waɗanda suka tsira muka taru a kan tudu muna cin ganye, mutane suka fara kallon Mazadu da irin kallon da ba ya bukatar magana. Ya gane. Ran nan ya miƙe a tsakiyar jama'a ya nuna maigidana ya ce, "Ga wanda ya kwance ɗaurina. Shekara da shekaru yana yankar itacen kogi da wuƙa, kogi ya zo karɓar jininsa."

Mai yunwa da makoki ba ya auna magana. Suka ɗaure wa Nomau hannu, suka sa shi a kwalekwale babu filafili, suka tura shi saman gangaren da ruwa ke faɗawa kan duwatsu. Na bi gaɓa da gudu ƙaya na yagar ƙafata. Bai yi kuka ba. Abin da ya ɗaga murya ya ce kawai shi ne, "Kuluwa, ki tambayi ruwan nan daga ina ya zo."

Da na gama takaba na je ƙofar Mazadu na durƙusa kamar mai gaisuwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, zan tafi neman wanda ya aiko da ruwan nan. In na same shi zan kawo maka shi har ƙofar gidanka." Ya dube ni ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Matarsa Lantana ta biyo ni bakin ruwa ta sa mini ƙullin gari a kwalekwale, ni kuwa ban yi mata godiya ba.

Kwana arba'in ina tuƙi ina fuskantar ruwa, cikin kurmin da ambaliya ta shiga har kifaye na tsalle suna tsinkar 'ya'yan itace daga reshe. Sai na iso inda Garande ya rabu biyu. Jan ruwa yana zuwa daga kudu, baƙin ruwa yana zuwa daga arewa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba, kamar maƙwabta masu gaba. Mutanen wurin a kan itatuwa suke gina gidajensu. Wata tsohuwa mai saƙa tarkon kifi, ana ce mata Inna Tambai, ta sauko mini da igiya na hau.

Da na ba ta labarina sai ta ce, "'Yata, kin taɓa daka ku biyu a turmi ɗaya?"

Na ce, "Sau ba adadi, Inna."

Ta ce, "To haka kogunan nan suke. Damina takan fara a kudu, jan ruwa ya cika. Kafin baƙin ruwa ya taso daga arewa, ja ya fara sauka. Wannan ta ɗaga taɓarya, waccan ta sauke. A shekarar da kike magana, ruwan kudu ya ƙi ɗaukewa, na arewa ya zo da wuri, taɓare biyu suka sauka tare. Ƙasa kuma ta riga ta ƙoshi tun bara, ba ta iya shan ko ɗigo. Duk ya gangara kanku."

Na ce, "Ba tsagar itace ba ce ke nan."

Ta ce, "Mu da muke huda itace muna kwana a cikinsa, da tuni kogi ya gama da mu."

Na ce, "To wa ya hana ruwan kudu ɗaukewa?"

Ta nuna sama da haɓa. "Hau ki gani. Ni ƙafafuna sun daina."

Tun safe nake hawa har rana ta yi tsaka kafin kaina ya ɓullo saman ganye. Can na ga abin da ban taɓa jin an faɗa ba. Ashe akwai wani kogi a sama wanda ya fi Garande faɗi. Gajimare ne ke kwarara daga gabas zuwa yamma, jere bayan jere, kurmi kuma yana fitar da hazo kamar numfashin dabba, hazon yana hawa yana shiga cikinsu suna ƙara kauri. Na rantse a kan reshen nan cewa sai na ga inda kogin sama yake ƙarewa.

Na bi jan ruwa wata uku har ya ƙanƙance ya zama rafi, na bar kwalekwale na kama tafiyar ƙasa. Gabana wasu duwatsu suka tsaya daga kudu har arewa, ana kiransu Katangar Duniya. Kwana tara ina hawa, kuma kowace rana abu ɗaya nake gani: da safe sama garau, bayan azahar iska mai ɗumi ta taso daga kurmi da gajimare a bayanta, su bugi dutse, ruwa ya zuba.

A rana ta goma wasu mutane masu rigunan gashi suka kama ni. Su ne Makaɗan Hadari. Sun yi imani gangarsu ce ke saukar da ruwa, kuma al'adarsu duk baƙon da ya shigo ƙasarsu sai a ba shi ganga. In ruwa ya sauka kafin hannunsa ya gaji, an karɓe shi. In bai sauka ba, a jefa shi daga kan dutse. Da sassafe suka ajiye ganga a gabana. Na duba sama, ko tsinken gajimare babu.

Na ce wa babbansu, "Baba, ni matar mamaci ce. A ƙasarmu irina ba ta taɓa ganga sai ta dafa abinci ta ciyar da masu yi mata hukunci. In ta taɓa da wuri, gangar takan kurmance."

Ya tsorata da batun kurmancewa. Ya ce, "Me za ki dafa?"

Na ce, "Wake. Busasshe."

A hawana na lura cewa a saman dutse ruwa yana tafasa amma abinci ba ya nuna da wuri. Na ɗora tukunya ina iza wuta a hankali. Hantsi ya wuce, wake kamar tsakuwa. Azahar ta yi, suka fara gunaguni, ni kuwa ina buɗe murfi ina girgiza kai. A nan ne, ina kallon tururi yana bugun murfi yana ɗiga cikin tukunya, na gane cewa dutsen nan murfi ne. Kogin sama yana bugunsa ya zube, ya koma kurmi ya zama Garande. Saura in san ina tukunyar take, kuma wa ke iza mata wuta.

Can na ji iska mai ɗumi ta taɓa mini wuya. Na sauke tukunya na raba musu wake, suka ci, na ja ganga na buga sau uku. Kafin na huɗu ruwa ya kece. Suka zube suna cewa in zauna in zama shugabar makaɗansu. Na ce akwai gangar da ta fi wannan a yamma, sai na ɗauko. Da kansu suka raka ni har mashigin dutse, suka ba ni rigar gashi da guzuri.

Bayan Katangar Duniya babu kurmi, babu ko ciyawa. Yashi ne tsantsa har bakin wani teku mai sanyi. Akwai garin masunta a wurin, Gaɓar Gishiri, na zauna ina yi musu bandar kifi. A nan na haɗu da Malam Jatau, tsohon matuƙin jirgin ruwa mai ƙafa ɗaya, wanda ya kewaye ƙasar gaba ɗaya ta kudu har ya ga tekun gabas. Na faɗa masa shekarar ambaliyarmu. Ya ƙirga da yatsu, sannan ya ce, "A shekarar nan tekunmu ya yi sanyin da bai saba ba, kifi ya yi yawa har muka rasa inda za mu shanya. Ni kuma a tsakiyarta na je gabas, na tarar da tekun can da ɗumi kamar ruwan wankan jariri, tururi na tashi a kansa."

Na ce, "Malam, tukunyar ke nan. To sanyin naku me ya haɗa shi da mu?"

Ya ce, "Iska mai ruwa ba ta hawa sama a kan ruwan sanyi. Wuri mai ɗumi take nema. In tekunmu ya yi sanyi ƙwarai, sai hawan ya koma kan kurminku, ya riƙa jawo tururin gabas kamar yadda wuta ke jan iska ta bakin murhu. In ɗayan kaɗai ya faru, za ku sha ruwa ku tsira. In suka haɗu a shekara ɗaya, daminarku ba ta san ƙarewa ba."

Na ce, "Suna sake haɗuwa?"

Ya ce, "A rayuwata na gani sau uku, kuma tazarar tana raguwa."

Na zauna na yi kuka, karo na farko tun ranar gangare. An kashe mini miji a kan abin da tekuna biyu suka ƙulla, tekunan da babu ɗan Tashar Kwalo ko ɗaya da ya taɓa gani. Da na share hawaye na san abin da zan yi. Ban koma gida da magana kawai ba, domin maganar Mazadu ta fi tawa ƙarfi. Na jira.

Shekara bakwai kullum da safe ina tsoma ƙafa a teku. A ta takwas ruwan ya cije ni har ƙashi, kifi ya cika gaɓa har tsuntsaye suka kasa tashi don ƙoshi. Ba a yi wata ba wani jirgi ya iso daga gabas, matuƙansa suna ba da labarin ɗumin tekun can. Ranar na yi sallama da Malam Jatau. Na kauce wa ƙasar makaɗa ta wani mashigi, na sami kwalekwale, ruwa ya ɗauke ni zuwa gida cikin wata biyu.

Ranar kasuwa na isa. Mazadu ya yi furfura ya yi ƙiba, rumbuna sun sake komawa kusa da gidansa. Na tsaya a gabansa na ce, "Ranka ya daɗe, na samo wanda ya aiko da ruwa, kuma yana hanya. Nan da wata uku zai wuce na wancan karo." Na faɗa wa jama'a duk abin da na gani, taɓare biyu, kogin sama, tukunya da murfi. Wasu suka yi dariya.

Mazadu ya ce, "Tun da aka kawar da mai laifi kogi bai ƙara wuce dutsen wanki ba. Ɗaurina na nan."

Na ce, "In ɗaurinka na nan, rantse a gaban mutane ba za ka bar gidanka ba har ruwan bana ya sauka."

Jama'a suka zuba masa ido. Na san ba shi da mafita, domin in ya ƙi ya ƙaryata kansa. Ya rantse.

Daga nan na bi mata gida gida. Da su ban yi gardama ba. Nakan ce, "Yaya, in na yi ƙarya kin yi asarar ɗaukar kaya zuwa tudu. In na yi gaskiya kin tsirar da 'ya'yanki." Kwando kwando hatsi ya hau tudu, maza suka biyo hatsi. Ruwan sama ya kama kamar an tsaga salka, lokacin ɗaukewarsa ya zo ya wuce bai ɗauke ba. Da Garande ya shigo gari bai tarar da kowa ba sai Mazadu da Lantana.

Da hantsi na tuƙa zuwa gidansu, kwalekwale kusan ashirin na biye da ni. Suna kan soro, ruwa ya kai rabin bango. Na ce, "Ga baƙon da na yi maka alkawari. Ka yi masa magana mana, ai yana jin ka."

Ya ce, "Kuluwa, ki ɗauke mu."

Na ce, "Lantana ta shigo. Kai kuwa sai ka faɗa wa mutanen nan abin da Nomau ya zo ya gaya maka, da dalilin da ya sa ka nuna shi." Na juya ga sauran na ce, "Duk wanda ya ɗauke shi kafin ya faɗa, da hannunsa aka ɗaure mijina sau biyu." Babu wanda ya motsa, domin da yawansu suna cikin waɗanda suka tura kwalekwalen nan.

Mazadu ya juya mana baya. Lantana ta ce, "'Yar'uwa, shekara talatin ina gidan nan. Ba zan sauka in bar shi ba. Ki yi haƙuri ki ɗauke mu tare."

Na ce, "Bakinsa ne filafilinku." Na juya na tafi.

Washegari na dawo, ruwa ya ƙara kamu uku. Na tsaya inda Mazadu zai gan ni na buɗe ƙullin abinci na ci. Ya ƙi faɗar abin da na nema. Lantana ta dube ni kawai. Raina ya yi fari da ganin yadda kafaɗunsa suka faɗi, kuma ba zan ɓoye muku ba, na so a ce ya ƙara kwana goma.

A rana ta uku muna isowa bangon gabas ya zube. Rabin soron ya tafi da Lantana a kansa. Maza huɗu suka faɗa ruwa, ni ma na faɗa, ba mu ga ko ɗankwalinta ba. Mazadu yana rungume da azara yana ihu, kuma a nan, ba wanda ya sake tambayarsa, ya faɗi komai: Nomau ya gargaɗe shi, ya ƙi ji, ya ji tsoron mutane, ya nemi wanda zai mutu a madadinsa. Kowa ya ji. Na miƙa masa filafili ya kama, na jawo shi.

Aka tuɓe shi daga sarauta. Ba a kashe shi ba, ni na hana, domin na fi so ya daɗe. Ya yi shekara shida a wata bukka a gefen tudu, mutane na wucewa ba sa gaishe shi. A ambaliyar da ta fi ta farko girma rai ɗaya kaɗai garinmu ya rasa, kuma har yau duk shekara muna aika mutum biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, su tsoma ƙafa a teku su kawo labari.

Da ciwon ajali ya kama shi ya aiko a kira ni. Na je da rana tsaka na tsaya a bakin ƙofa. Ya rame har muryar gangar ta zama kamar ta sauro. Ya ce, "Kuluwa, ki yafe mini."

Na ce, "Ba ni ka ɗaure wa hannu ba. Wanda ka zalunta yana can inda za ka. In ka isa ka tambaye shi."

Ya rufe ido. Sannan ya ce, "Zan tambaye shi. Ke kuma me zan ce wa Lantana?"

Na tsaya ina neman amsa, ni da na ƙetare kurmi da dutse na samo amsar da ta gagari gari guda. Ban samu ba. Na saki labule na fito. Kafin la'asar ya cika.

Iyakar abin da ya same ni ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Wanda ya ji ya riƙe, wanda ya san abin da ya kamata in ce wa mutumin nan ya zo ya faɗa mini tun ina da rai.